Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Majalisar Ƙaramar Hukumar Greenwich kan gadar Creek Road

Masu girma shugabanni da kansiloli,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan gadar nan mai ɗagawa da ke titin Creek Road, wadda ta ratsa Rafin Deptford ta haɗa Greenwich da Deptford a kudu maso gabashin Landan. Ni mazaunin yankin ne, kuma ina cikin dubban mutanen da ke bi ta kanta safe da yamma. Roƙona guda biyu ne. Ku bar gadar nan ta ci gaba da ɗagawa duk lokacin da jirgi ya buƙata, kada wata rana a ce an ɗaure ta don rage kashe kuɗi. Sannan ku rubuta tarihinta a jikinta, inda mai wucewa zai tsaya ya karanta.

Na san a ido ba wata abar kallo ba ce. Wanda ya fito daga wajen Cutty Sark, tsohon jirgin ruwan da aka ajiye don kallo a Greenwich, ya nufi Deptford a bas, da wuya ya lura cewa ya hau gada, balle ya san tana motsi. Kwalta ce da ƙarfe da ɗan ɗakin mai kula da ita a gefe. Ba ta da hasumiya irin ta Tower Bridge, ba wanda ke sayar da hotonta ga masu yawon buɗe ido. Amma duk wanda ya bi diddigin yadda aka yi har ta tsaya a wurin, zai ga cewa fiye da shekara 200 ke nan mutanen unguwannin nan biyu suna ƙoƙarin warware matsala ɗaya: yadda mai tafiya a ƙasa zai ƙetare ba tare da ya toshe wa mai tafiya a ruwa hanya ba.

Bari in fara da ruwan kansa, domin shi ne ya haifar da komai. Kogin Ravensbourne ƙaramin kogi ne da ke tasowa daga Keston, ya bi ta Bromley da Catford da Lewisham, tafiyar kimanin kilomita 17, kafin ya zube a Kogin Thames. Ƙarshensa, inda cikowar teku ke shigowa ta Thames ta tura ruwa baya, shi ake kira Rafin Deptford. Sau biyu a kowace rana ruwa yakan ciko har ya kusa shafar leɓen katangar rafin, sannan ya janye ya bar laka da duwatsu da ɗan siririn ruwa mai gudu a tsakiya. Tazarar da ke tsakanin cikowa da janyewa takan kai mita 7 idan wata ya tsaya ko ya cika. Wurin da jirgi mai nauyi ya bi da hantsi, da la'asar mutum zai taka shi da dogon takalmin roba.

A da can, hanyar ƙetarewa ɗaya ce tak ga mai dabba ko keken doki: sai ya zagaya can sama, inda cikowar ruwa ke ƙarewa, wurin tsohon mashigi da daga baya aka yi wa gada, wato Deptford Bridge, a kan tsohuwar hanyar Landan zuwa Dover. A wannan gadar ce dakarun Sarki Henry na Bakwai suka murƙushe masu bore daga Cornwall ranar 17 ga Yuni, 1497. Kusa da bakin rafin kuwa, babu gada ko ɗaya. Sai dai ka jira ɗan fito ya ƙetare da kai a kwale-kwale, ka biya shi. Haka aka zauna ɗaruruwan shekaru, alhali gaɓar nan ba ƙauye ba ce. A 1513 Sarki Henry na Takwas ya kafa masana'antar ƙera jiragen yaƙi ta masarauta a Deptford. A nan aka karrama Francis Drake da muƙamin jarumi a 1581 bayan ya zagaye duniya. A nan Sarkin Rasha, Peter Mai Girma, ya zo a 1698 don koyon ƙirar jirgi, ya sauka a Sayes Court, gidan John Evelyn. Mutum-mutumin Peter na nan tsaye kusa da bakin rafin. Duk da wannan hada-hada, ma'aikacin da ke kwana a Greenwich yana aiki a Deptford sai ya bi ta hannun ɗan fito.

Dalilin jinkirin a bayyane yake. Rafin hanya ce tun kafin a yi titi. Jiragen lokacin masu filafilai ne, dogayen sandunansu ba sa shiga ƙarƙashin gajeriyar gada. A yi gada mai tsawo kuwa, ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, dokin da ke jan kaya ba zai iya hawan tudun da za a tayar ba. Saboda haka da aka tashi yin gada a farkon shekarun 1800, wani kamfani mai zaman kansa ne ya ɗauki nauyi, aka fara da ta masu tafiya a ƙafa, sannan a 1815 aka samu wadda keken doki zai hau, kuma dole ta zama mai buɗe wa jirage hanya. Kamfanin ya riƙa karɓar kuɗin ƙetare daga masu wucewa. Ɗan fito ya tafi, amma kuɗin fito bai tafi ba. Hannu kawai ya sauya.

Wannan kuɗi ya daɗe yana cizon talaka. Attajiri ba ya jin sa, amma lebura mai ƙetarewa sau biyu kullum, da mai tallan kayan miya, da matar da ke kai wanki, su suka san zafinsa. Sai da Majalisar Dokoki ta yi dokar 1877 da ta ba Hukumar Ayyuka ta Birnin Landan ikon saye gadojin da ake biya, sannan aka fara sakin su ɗaya bayan ɗaya: Waterloo, Lambeth, Vauxhall, Chelsea, Battersea da sauransu. Gadar Rafin Deptford ta shiga wannan sahu, aka daina karɓar kuɗi a kanta a 1880. Ina so ku riƙe wannan shekarar, ranku ya daɗe, domin daga ranar ne gadar ta zama dukiyar jama'a. Da kuɗin jama'a aka fanshe ta. Daga Hukumar Ayyuka al'amuran birnin suka koma hannun Majalisar Gundumar Landan a 1889, ita ce kuma ta gina gadar da muke takawa yanzu, a 1954, shekaru kaɗan bayan yaƙin duniya na biyu da ya yi wa Deptford ruwan bama-bamai. Majalisar Gundumar ta shuɗe a 1965, wadda ta gaje ta ma aka rushe ta a 1986. Hukumomi sun zo sun wuce, gada na nan, yau kuma amanar tana wuyanku.

Yana da kyau a tuna abin da gadar take buɗe wa hanya a zamanin da rafin ke kan ganiyarsa. Gaɓa biyun cike suke da tashoshin sauke kwal, da injinan niƙa, da majemu, da masana'antun sabulu da na sinadarai, da wuraren yin iskar gas. Kamfanin General Steam Navigation, wanda aka kafa a 1824, yana da wurin gyaran jiragensa a bakin rafin. A shekarun 1860 injiniya Joseph Bazalgette ya gina tashar tura ruwan ƙazanta a gaɓar Greenwich, wadda injinanta ke cin kwal ɗin da jirage ke kawowa, kuma har yau tashar na aiki a cikin tsarin magudanan Landan. A ƙarshen shekarun 1880 Sebastian de Ferranti ya gina tashar wutar lantarki ta Deptford dab da bakin rafin, wadda ake lissafawa cikin na farko a duniya da suka tura wuta mai ƙarfi zuwa nesa. Ginin niƙan alkama na Mumford, na 1897, yana nan tsaye can ciki, ko da yake yanzu gidajen kwana ne. Kusan duk abin da ya shiga waɗannan wurare na cikin rafin, ta ƙarƙashin gadar Creek Road ya wuce, ko in ce ta tsakiyarta bayan ta buɗe.

Akwai darasi a ɗan gaba kaɗan, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Idan mutum ya tsaya a kan gadar ya dubi kudu, zai hango wani baƙin ƙarfe mai dogayen ginshiƙai ya tokare sama. Gadar jirgin ƙasa ce. Layin dogo na Landan zuwa Greenwich, na farko da ya ɗauki fasinja da injin tururi a cikin Landan, ya iso Deptford a 1836 a kan doguwar gadar bulo mai bakuna 878. Amma bai shiga Greenwich ba sai a Disamban 1838, kuma rafin nan ne ya tsayar da shi. Masu jiragen ruwa suna da haƙƙin wucewa, ba kuma wanda ya isa ya ƙwace musu, sai da kamfanin ya yi gada mai buɗewa. Buɗe ta ba ƙaramin aiki ba ne: sai an tara ma'aikata sun kwance ƙusoshin layin dogo kafin a ɗaga, jirgin ƙasa na tsaye yana jira. An sake ta a 1884, aka kuma sake ta a 1963 da wannan mai ɗagawa sama a miƙe da muke gani. Yau ba ta motsi. An ɗaure ta. Jirgin ƙasa na bi ta kanta, amma duk wani jirgin ruwa mai tsawo ya san iyakarsa ke nan.

Ba a yi wani biki ba ranar da ta daina ɗagawa, ba a kuma yi shela ba. Jirage suka ragu, sai aka ce ai ba a cika buƙatar ɗaga ta ba. Da aka daina ɗaga ta, sai ya zama babu mai tunanin shigo da babban jirgi. Kowane ɓangare ya zama hujjar ɗaya. Abin da nake tsoro ke nan ga gadar Creek Road. Ba na zargin kowa a cikinku da wannan niyya. Amma na san yadda irin wannan ke faruwa: inji ya tsufa, kayan gyara su yi wuyar samu, kasafin kuɗi ya matse, wani ya kawo lissafin cewa ɗaurewa ta fi gyara araha. A takarda lissafin zai fito daidai, domin abin da za a rasa ba ya shiga cikin ginshiƙan lissafi.

Ga abin da za a rasa. A bayan gadar, a gaɓar Greenwich, akwai tashar sauke kaya ta Brewery Wharf, inda ake haɗa kankare. Shekara da shekaru ƙananan jiragen kamfanin Prior sun riƙa ɗauko yashi da tsakuwa daga Fingringhoe a Essex, su shigo Thames, su jira cikowar ruwa, a ɗaga musu gada su sauke. Wannan tasha na cikin waɗanda gwamnati ta keɓe tun daga 1997 domin kada a mayar da su gidaje, a bar su don dakon kaya ta ruwa. To ina amfanin keɓe tasha idan ƙofar shiga gare ta a kulle take? Gadar ita ce ƙofar. Kayan da jirgi ɗaya ke ɗauka, sai an jera tifofi da yawa kafin su kwashe, kuma duk tifar da ta maye gurbin jirgi, a kan Creek Road da Evelyn Street za ta bi, ta gaban makarantu da gidajen mutane, a unguwar da tuni hayaƙin mota ya ishe ta.

Na taɓa tsayawa na kalli ɗagawar daga farko har ƙarshe, kuma ina fata kowane kansila ya je ya gani da idonsa kafin ya kaɗa ƙuri'a a kan makomarta. Fitilu suka koma ja, ƙararrawa ta ɗauka, sandunan tare hanya suka sauko. Bas ya tsaya, masu kekuna suka sauke ƙafa. Sai titin da muka saba takawa ya fara miƙewa sama a hankali, da fararen layukansa da komai, 'yar ƙura da tsakuwa na gangarowa. Ba ƙarfin inji kaɗai ke yin aikin ba. Akwai wani gagarumin nauyi a ɓoye da ke rinjayar titin kamar sikeli, shi ya sa ƙarfe mai wannan nauyi ke tashi ba gardama. Jirgin ya shigo a nutse, cike da yashi har ruwa ya kusa taɓa bakinsa, tsakaninsa da katanga tazara kaɗan. Matuƙin ya ɗaga wa mai kula da gada hannu. Wani yaro da ke kusa da ni ya riƙe ƙarfen shinge yana ta tambayar mahaifiyarsa ina jirgin za shi. Ita ma ba ta sani ba. Ta ce ba ta taɓa sanin gadar na buɗewa ba, alhali a unguwar take.

Ba zan ɓoye ba, akwai masu jin haushin wannan tsayuwa, kuma suna da gaskiyarsu. Wanda zai kama jirgin ƙasa, ko ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi aiki, mintoci kaɗan ma asara ce gare su. Wasu kan ce me ya sa ba za a riƙa ɗagawa da tsakar dare kawai ba. Amsar tana wurin wata, ba wurin majalisa ba. Cikowar ruwa takan yi jinkirin kusan minti 50 kowace rana, saboda haka lokacin da jirgi zai iya shiga yana zagayawa ne: yau da asuba, bayan kwanaki da hantsi, wani makon da azahar. Idan jirgi ya kuskure wannan ɗan lokaci, ko dai ya kwana a waje ko ya zauna a kan laka har ruwa ya dawo. Abin da ke hannunku shi ne sanarwa. Jadawalin cikowar ruwa sananne ne tun shekara guda kafin lokaci. A sanya allon lantarki a kowane gefe, a tura saƙo ta waya ga mai so, a sanar da direbobin bas. Mutumin da ya san za a ɗaga gada ƙarfe kaza zai fito da wuri ko ya sauya hanya, wani ma zai kawo 'ya'yansa kallo.

Kuma ba sabon abu nake nema ba. A 2002 an dawo da gadar ƙafa ta Ha'penny Hatch a gefen layin dogo, aka yi ta mai ɗagawa. A 2015 aka buɗe wata gadar ƙafa a bakin rafin, aka yi ta mai juyawa gefe domin jirage su wuce. Wato a wannan ƙarnin ma, sau biyu aka amince cewa rafin hanya ce da ba a toshewa. Zai zama abin mamaki a kashe kuɗi a yi sabuwar ƙofa mai buɗewa a waje, sannan a bar ta ciki ta ƙage.

Sai batun tarihi. Kowace shekara dubban masu gudun fanfalaki na Landan suna zagaye Cutty Sark su bi ta kan gadar nan zuwa Deptford. Ɗaliban cibiyar rawa ta Laban, wadda gininta ya ci lambar yabo ta zanen gine-gine ta Stirling a 2003, suna ƙetare ta kullum. Sababbin benaye sun cika gaɓar, mazaunansu da yawa baƙi ne daga wasu garuruwa da wasu ƙasashe. Ya kamata a ce akwai wurin da duk waɗannan za su tsaya su san a kan me suke tsaye. Allo mai kyau nake nufi, wanda ruwan sama ba zai cinye ba, da tsofaffin hotuna da taswira, da shekarun nan: 1815, 1880, 1954. A ambaci 'yan fito. A ambaci masu dakon kwal da matan da suka yi aiki a masana'antun gaɓar. Kuma kada a tsallake ɓangaren da ba shi da daɗi. Deptford na da hannu a cinikin bayi, kuma a nan ne, a Disamban 1762, aka tura Olaudah Equiano, bawan da daga baya ya zama marubuci mai yaƙi da bauta, cikin kwale-kwale da ƙarfi aka gangara da shi kogi aka sayar, bayan ya ɗauka cewa 'yancinsa ya zo. Mu 'yan Afirka da ke zaune a nan muna da rabo a wannan tarihi, 'ya'yanmu kuma suna da haƙƙin su gan shi a rubuce a unguwarsu.

Akwai masu taimaka muku a kusa. Cibiyar Creekside Discovery ta daɗe tana shiga da yara da manya cikin rafin idan ruwa ya janye, sanye da dogayen takalma, kowa da sandar dogarawa, suna ɗaga duwatsu suna ganin ƙaguwa da ƙananan kifaye da jatan lande. Daga can ƙasa ne ake ganin gadar yadda take: koren gansakuka a jikin katanga yana nuna inda ruwa ke kaiwa, can sama da kan mutum. Akwai kuma tsofaffin ma'aikatan gada da matuƙan jirage da suka san rafin kamar tafin hannunsu. Yawancinsu sun manyanta. A nemo su a naɗi muryoyinsu tun suna raye, a ajiye a ɗakin adana tarihin ƙaramar hukuma, a kuma koya wa matasa aikin sarrafa gadar da gyaranta, domin inji ba ya amfani idan wanda ya san halinsa ya tafi.

Saboda haka ina roƙon majalisa ta fito ta faɗa a rubuce cewa gadar Creek Road za ta ci gaba da zama mai ɗagawa. A ware mata kuɗin gyara na dogon lokaci a cikin kasafi, a riƙa gwada ta a kai a kai ko da babu jirgin da ke jira, domin ƙarfen da ba ya motsi tsatsa ke cinye shi. A zauna da Hukumar Tashar Jiragen Ruwa ta Landan, da hukumar sufuri ta birnin, da maƙwabciyarku Lewisham wadda ita ma rafin ya shafa, a yi magana ɗaya. Idan kuma wata rana ta tabbata gadar 1954 ta gaji har ba ta gyaruwa, to wadda za ta gaje ta ita ma ta kasance mai ɗagawa, kuma a tuntuɓi mazauna gaɓa biyun da masu aiki a ruwan kafin a zana ta.

Ina fatan za a karanta wannan wasiƙa a zaman majalisa, a kuma ba mu amsa a fili.

Naku cikin girmamawa,
Wani mazaunin gaɓar Rafin Deptford